Wayar da Yohanna Bai Ja Ba

Kafin a ga Yohanna Bakut, sai an fara jin sa. Babur ɗinsa tsoho ne mai tari, a bayansa kuma ya ɗaure akwatin katako wanda kayan aiki ke kaɗawa a ciki, kacau-kacau, tun daga titin Kotu har cikin lungunan Gyaɗi-Gyaɗi. Masu shayi sun san shi da barin rabin kofi. A coci ma, in wa'azi ya yi tsawo, duk wanda ke benci ɗaya da shi sai ya ji bencin na rawa, don ƙafarsa ta dama ba ta san hutu ba. Matarsa Saratu, malamar firamare a Tarauni, ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya gama tuwo a zaune ba, lomar ƙarshe a bakin ƙofa yake haɗiye ta. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Injiniya Ba-zama. Bai yi musu gardama ba, ina ya ga lokacin tsayawa gardama?

Daga Zonkwa ya zo Kano yana saurayi, zamanin soja, ya sami aikin gyaran tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Da kunne yake aikin nan. Sai ya tsaya a bakin ofis, akawu na ta bugu, ya karkata kai ya ce, "Malam, akwai harafin da ke maƙalewa a layin tsakiya," tun ba a ɗaga murfi ba. Da soja suka koma bariki, farar hula suka hau, sai sababbin manya suka zo da sabon yayi. Kwalaye suka riƙa shigowa ofis-ofis, kwamfuta ke nan, tafiretoci kuwa aka jibge su ƙarƙashin matattakala kamar tsofaffin tukwane. Yohanna ya yi ta zuwa aiki babu aikin. Mutumin da ba ya iya zama, an ba shi kujera an ce ya jira ƙarshen wata. Bai jure ba. Ya ajiye aikin, ya sayo matattun kwamfutoci na gwanjo, ya baje hanjinsu a tsakar ɗaki. Ya kwance, ya ɗaura, ya ƙona wani abu, ya sake, har ranar da ɗaya ta yi 'yar ƙara ta buɗe ido.

Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai kemis da tela. Yawancin masu kawo masa aiki ma'aikatan jinya ne da ɗaliban asibitin koyarwa da ke nan kusa. A lokacin, maganin kowace cuta a wajen masu gyara guda ɗaya ne: fomat, wato a share duk abin da ke cikin kwamfuta a zuba mata sabo. Yohanna ba ya yi. Sai ya san abin da ke damunta, ko da zai wuni yana zagaye ta.

Sau ɗaya aka taɓa ganin ya zauna har ya kasa tashi, ranar haihuwar 'yarsu Joy, da naƙuda ta zo da gardama. A ƙasa ya zauna, a barandar asibiti, har wani matashin likita mai suna Mukhtar ya fito yana gumi ya ce masa, "Tashi, uwa da 'ya duk suna nan." Daga ranar gidan Likita Mukhtar a Darmanawa ya zama gidansu. Da Sallah a aiko musu da nama, da Kirsimeti Saratu ta aika da shinkafa da cincin.

Da Likita ya sami ƙarin karatu a Indiya, sai ya sayi kwamfuta don ya riƙa jin labarin gida. Yohanna ne ya kafa ta a falon baƙi, mai ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida. Shi ya ja wayar tarho da hannunsa daga akwatin da ke jikin katanga zuwa falon, soket ɗaya tak, tarho da kwamfuta na rabawa. Ya sa mata modem, ɗan abin da ke kiran lamba ta layin tarho ya haɗa kwamfuta da intanet. Da suka gwada, modem ta ƙwalla ƙarar nan tata mai kama da ana jan kwano a kan siminti.

"Kai, Injiniya!" in ji Likita, ya toshe kunne. "Wannan ai sai ta dawo mini da marasa lafiyar da na sallama. Ba a rufe mata baki?"

Yohanna ya shiga wajen saiti ya kashe mata murya. Likita ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, ga gidana nan. Matata Sumayya na da ciki, ga Inna ta tsufa. Abin nan shi ne igiyar da ke tsakanina da su. Kada ka bari ta tsinke."

Aka yi watanni igiya ba ta tsinke ba. Sai wata safiya Tijjani, ƙanen Likita, wanda ke aiki a ɗakin gwajin jini, ya faɗo shagon da farar rigarsa a kafaɗa.

"Injiniya, an sauka! Mace!"

"Kai, barka! Allah ya raya. Mai jego fa?"

"Lafiya lau, tana can ana dafa ta da ruwan zafi safe da yamma. Amma akwai magana. Yaya ya turo mini saƙo, na karanta a wajen aiki. Wai ba wanda zai ji sunan yarinyar nan kafin ita. Shi da bakinsa zai faɗa mata a kunne, ta kwamfuta, ranar jajiberin suna bayan la'asar. Na ce ya rubuto mana mu huta, ya ce sunan 'yarsa ba takardar magani ba ce."

"To ya bugo tarho mana."

"Wane tarho? Tun da ya tafi yake gwadawa, layi ba ya shigowa daga can. Ranar da aka haihu ne kaɗai wayar ta yi ƙara a falo, kafin a nemo makulli a buɗe, ta tsinke. Tamu kuwa ka san ba ta kiran ƙasar waje."

"Ba komai, kwamfuta na nan. Makirfo da lasifika kawai zan kawo."

"Ai ita ce maganar. Kwamfutar ta ƙi."

Kafin Tijjani ya rufe baki, Yohanna ya riga ya buga babur.

A falon, komai na nan yadda ya bar shi. Ya danna kira. Kwamfuta ta rubuta tana kiran lamba, ta rubuta an amsa, ta yi kamar za ta shiga, sai ta yanke. Ya sake. Ta sake yankewa. Ya ɗaga tarho ya kara a kunne, layi na kuka lafiya lau. Ya cire kebul ya hura ya mayar. Ya cire direban modem, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta magana da ita, ya sake zubawa daga faifai. Ya nemi bairos, ƙwayar cutar kwamfuta, bai samu ba. Ya sa kwamfuta ta binciki cikinta ko akwai inda ya rube, ya sa ta jera fayil-fayil ɗinta da suka warwatse, aikin da ke cin rabin yini, shi kuwa yana kai da kawowa daga taga zuwa ƙofa har Tijjani ya ce, "Injiniya, dardumar nan ta Makka ce, ka bar mana saura."

Ta ɗayar ƙofar gidan mata na ta shiga barka, ana jin guɗa da ƙamshin kunun kanwa. Yohanna bai taɓa wuce ƙofar falo ta ciki ba, namiji baƙo ba ya shiga, nan iyakarsa. Daga nan yake ɗaga murya ya gaida mahaifiyar Likita, Hajiya Balaraba, wadda kowa ke kira Inna.

"Inna, barka da arziki!"

"Barka kadai, Yahaya," ta amsa daga can ciki. Ita haka take kiran sa, ta ce Yohanna ya yi wa bakinta nauyi. "Ya Saratu da 'yar mutuniyata? Sai yaushe za ta leƙo?"

Da an kira salla Tijjani ya kan rufe falo ya tafi masallaci, Yohanna kuma ya hau babur ya zaga gari da tunaninsa, ya dawo su ci gaba.

Washegari ya ɗaure kwamfutar a bayan babur ya kai ta shagonsa, ya jona da layin mai kemis. Kira ɗaya ta shiga. Ya aika abin da suke kira ping, wato 'yar sallamar da kwamfuta ke yi wa wata kwamfuta can nesa ta ji ko za a amsa. Aka amsa tar. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ɗaure ta ya mayar Darmanawa, ya danna kira yana murmushi. Ta yanke.

Ya canza modem, ta yanke. Ya je kamfanin da ke sayar musu da intanet, suka ce sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke amsa kira, lafiya take, kiran gidan yana isowa, daga can ne yake faɗuwa. Ya je ofishin 'yan waya ya tsaya a layi yana taka ƙafa, suka gwada daga wajensu suka ce layin ba abin da ya same shi. Isyaku, wani mai gyara da ke da shago a Daurawa, ya gan shi a hanya ya rame, ya ce, "Kai dai taurin kai ne zai kashe ka. Yi mata fomat ka je ka yi barci."

"Tana aiki a shagona. Me ta yi da zan wanke mata ƙwaƙwalwa?"

"To ai sai ka ɗauko jaririyar a bayan babur ka kai ta shagon."

Maganar ta yi masa ciwo, don har hakan ya riga ya raya a ransa. Amma wa zai fitar da jaririya da mai jego kafin suna, zuwa ɗan shagon da ke warin dalma?

"Ko dai mutanen ɓoye ne a falon nan?" in ji Tijjani, yana kwance a kujera yana kallon sa. "Mu kira malam ya tofa wa modem ɗin."

"Kai dai ka ci gaba da kwanciya. Inna za ta fito ta ji muryar Likita ranar?"

Tijjani ya tuntsire da dariya. "Inna? Ka manta Yaya ɗan fari ne? Ko sunansa ba ta faɗa, 'wannan yaron' take cewa. Ranar da zai tafi muna filin jirgi har da masu hawaye, ita tana gida tana tsintar wake. Jiya na ce ta zo ta ji muryarsa, ta ce ita aiki ya yi mata yawa, me za ta ji a bakin yaro."

Ranar jajiberi Yohanna ya tashi ba tare da ya san abin da zai sake gwadawa ba. Saratu na ɗaure kayan barka a leda, sabulu da 'yan rigunan jarirai da ta saƙa, shi kuwa yana tsaye da kofin koko yana zagaye tebur.

"Baban Joy, ka zauna, kana sa ni jiri."

"Na duba komai, Maman Joy. Kebul lafiya, layi lafiya, kwamfuta lafiya. Wayar nan ni na ja ta da hannuna, na san kowace kusurwa da ta bi. Mutumin nan abu ɗaya ya roƙe ni a duniya."

"To me ita take cewa?"

"Wa?"

"Na'urar. Kai da kake cika mana baki da kunne kake gyaran tafireta. Kwanan nan duk labarin da kake ba ni, na gani, na duba, ta rubuta. Ban ji ka ce na ji ba."

Ya tsaya da kofi a hannu. Ya ajiye shi da rabin koko a ciki.

Ya sauke Saratu a ƙofar mata ta gidan Likita, ya karɓi makullin falo a hannun Tijjani, wanda ke shirin tafiya kasuwa ɗauko ragon suna. Ya rufo ƙofa, ya shiga saiti, ya mayar wa modem muryar da ya ƙwace mata. Ya danna kira, ya sunkuya ya kara kunne.

Ƙat-ƙat-ƙat, tana kiran lamba. Can aka amsa, ƙarar jan kwano ta tashi, na'ura biyu na gaisawa. Sai ya ji wani ɗan ƙwas, irin na ɗaga kan tarho. A cikin ƙugin nan, ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada a ji ta, muryar mace ta fito.

"Salamu alaikum. Kai ne?"

Ya ƙara matso da kunne.

"Ba na jin ka, iskar nan ta yi yawa yau ma. To in kai kana ji na, an sauka lafiya. Mace ce. Hancinka ta ɗauko. Kana cin abinci kuwa?"

Modem ta gaji da neman 'yar'uwarta a cikin maganar mutum, ta yi ƙit, ta yanke.

Ya san muryar. Ita ce ke ce masa Yahaya.

Ya fita ya zaga lungun bayan gida, ya tsaya a gindin akwatin waya. Daga nesa babu komai. Da ya matsa sai ya ga laka sabuwa an shafa a jikin katanga, doguwa siririya, ta bi kan ginin ta nufi wata 'yar taga a can ƙurya. Ya kankare da farce. Waya ce, an murɗa ta a jikin tasa, irin ɗaurin da masu gyaran wuta ke wa kwan fitila. Ranar da tarho ya yi ƙara a falon da ke kulle har ya tsinke, ashe tsohuwa ta ji. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta nemo wanda zai ja mata waya ɗakinta a ɓoye, ta sa aka shafe sawun. Tsohon tarho mai ƙararrawa kuwa halinsa ke nan, in wani na kiran lamba a layi ɗaya da shi sai ya riƙa 'yar ƙara, kilin-kilin. Duk kiran da Yohanna ya yi a kwanakin nan, tun safe har yamma, tsohuwa yake tayarwa. Ta miƙe da gwiwoyinta, ta ɗaga, ta gaida ƙarar inji, ta ba ta labarin gida.

Ya ciro filaya daga aljihu. Ya sa wayar a bakinta. Matsi ɗaya, aiki ya ƙare, Likita ya sami layinsa. Ƙafarsa na ta rawa a cikin yashi. Ya daɗe a haka, sannan ya mayar da filayar aljihu.

Ya tare wata mata da za ta shiga gidan ya ce don Allah a ce wa Maman Joy mijinta na kira. Saratu ta fito da cincin a hannu, ya ja ta lungu ya nuna mata lakar, ya gaya mata abin da ya ji. Ta rufe baki da gefen gyale.

"Wayyo Inna. To ka cire mana, in an gama ka mayar."

"In cire, ɗanta na magana a falo, ita tana ɗaki tana gadin wayar da ta mutu?"

"Ka gaya wa Tijjani."

"Tijjani? Kafin magariba duk Darmanawa ta ji. Matar da ta shafa laka don kada a gani?"

"To me kake so in yi?"

"Ki fito mini da ita. In tana falo ba mai ɗaga waccan."

"Ta ce ba za ta zo ba."

"Ke ba malama ba ce? Kullum kina sa mutane yin abin da ba su so."

"'Yan aji uku, Baban Joy. Ita 'yar aji uku ce?" Ta tura masa cincin ɗin a hannu ta juya. "Kada ka kira sai ka gan mu."

Ya koma falo ya sake kashe wa modem murya. Bai so tsohuwa ta ji ƙarar nan ta gane da wa ta yi ta hira.

Aka yi la'asar. Tijjani ya dawo daga masallaci, rago na ɗaure a ƙofar gida yana kuka. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Sumayya ta fito a lulluɓe ta zauna a kujerar ƙurya, idonta a kan allon kwamfuta, hannunta babu jaririya.

"Ina yarinyar?" in ji Tijjani.

"Maman Joy ta karɓe ta, ta shiga da ita wajen Inna."

"To kira mana, Injiniya! Can dare ya yi, Yaya ya ce za a rufe ɗakin kwamfutar asibitinsu. Ka gyara ko ba ka gyara ba?"

"Bari ta yi zafi tukuna."

"Kwamfuta ce ko motar haya?"

Yohanna ya gyara makirfo. Ya goge allo da hannun riga. Ya matsar da lasifika hagu, ya dawo da ita dama. Ya leƙa taga, rana ta sauka kan rufin maƙwabta. Yana jin numfashin Sumayya daga ƙurya. In Saratu ta kasa fa? Filaya na aljihunsa, lungu kuma ba nisa. Ya kai ƙofar waje, ya kama mariƙi, ya saki, ya dawo.

"Wallahi in aka rufe wajen nan Yaya bai yi magana ba, ni ba ruwana, kai za ka raɗa sunan gobe," in ji Tijjani.

Sai ga takun silifas a hankali daga cikin gida, da murya tana tafe tana mita.

"Ni don yarinyar nan na fito, tunda kun ce injin ba ya son kuka. Yaran yanzu, ko riƙon jariri ba ku iya ba. Ke Saratu, da kike malama, haka kika riƙe taki?"

Inna ta shigo, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin mayafi, jaririya na barci a ƙirjinta, ba alamar ta taɓa kuka. Saratu na biye, ta kalli mijinta ta kawar da kai. Inna ta zauna a bakin kujera, ta juya wa kwamfuta gefe, kamar wadda ta zo jiran mota.

Yohanna ya danna kira.

Janareta na ƙugi, mata na daka a tsakar gida, rago na kuka. Amma kunnen da ya yi shekaru yana sauraron tafireta ya tsinto ta, can a ƙuryar gida, ƙarƙashin wani abu mai kauri. Kilin-kilin. Kilin-kilin. Inna ma ta ji. Kafaɗarta ta motsa, ta dafa hannun kujera, ta fara yunƙurin tashi, idonta a ƙofa.

Ya ɗauki lasifika ya durƙusa gabanta, kamar mai gyara ta kusa da kunnen jaririya. Bai ɗaga ido ba. Ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, "Shi ne, Inna. Na juyo shi nan."

Ya ga yatsunta sun saki hannun kujerar ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya tambaye ka, Yahaya?" ta ce, ta gyara mayafi. Amma ta zauna.

An amsa. Allo ya nuna ana duba sunan mai shiga. A ƙasan allo wasu 'yan fitilu biyu suka kama ƙyaftawa, suka ci gaba da ƙyaftawa, ba su mutu ba. Tijjani ya miƙe tsaye. Lasifika ta yi ƙara, ta yi shiru, sannan murya ta fito a yayyanke, kamar mai magana daga cikin rijiya.

"Salamu alaikum. Kuna... kuna ji na?"

Sumayya ta sa fuska a cikin mayafi. Tijjani ya ƙwalla amsa har makirfo ya yi kuka. "Muna ji, Yaya! Ga ta nan, kunnenta na jikin lasifika!"

Likita ya yi addu'a, muryarsa na tafiya tana dawowa. Sannan ya ce, "Ke 'yata, ni ne babanki. Ban gan ki ba tukuna, amma ki ji daga bakina. Sunan Inna na sa miki."

Jaririya ta yamutsa fuska ta yi hamma. Saratu ta rangaɗa guɗa irin ta mutanen Zonkwa, matan tsakar gida suka amsa ba su ma san dalili ba.

"Inna na kusa?" in ji muryar. "Tijjani, Inna ta fito?"

Tijjani ya kalli mahaifiyarsa. Inna ba ta kalli lasifika ba. Ta sunkuya kan jaririya, ta gyara mata hula, ta ɗaga murya fiye da yadda kunnen jariri ke bukata.

"Ke takwara, gaya wa ubanki ya riƙa cin abinci. Na ji muryarsa ta rame."

Yohanna ya duba fitilun ko layi ya faɗi. Suna nan suna ƙyaftawa. Can muryar ta dawo. "Ki ce mata to. Ki ce mata ina ci."

Daga baya, da aka bar Sumayya ta yi magana da mijinta, Tijjani ya tsare shi a ƙofar gida. "Wai mene ne ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace."

"Kwana da kwanaki kana cinye mana darduma, ka ce ba abin da ya lalace?"

"Ragonka na cin igiya," in ji Yohanna, ya buga babur.

Da safe, maza sun cika ƙofar gida ana raba goro da dabino, liman na addu'a, aka nemi Injiniya aka rasa. Ga farantin wainarsa nan a kan tabarma, an ci rabi. Yana lungun baya a kan tsani. Ya kwance ɗaurin mai gyaran wuta, ya bi da wayar Inna ta cikin falo, ta bayan modem, yadda in kwamfuta na kan layi tarhonta zai yi shiru, in ta sauka kuma duk kiran da ya shigo ya iske ta a ɗaki. Da ya gama ya sauko, ya kwaɓa 'yar laka a murfin gwangwani, ya sake hawa, ya shafe wayar tun daga akwati har bakin taga.